Sun ce ni miskila ce, ba na son mutane

Wata baiwar Allah ta rubuto daga Daura, ta ce:

“Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Katsina ce, shekaruna 26, an kawo ni Daura aure shekara ɗaya da wata bakwai ke nan. A gidanmu mu uku ne wurin mahaifiyarmu, gida ne mai shiru. Gidan su maigidana kuwa babban gida ne, sassa shida, kullum cikin hidima. Ina koyar da lissafi a wata sakandare, kuma a aji ba na jin komai, ina magana tun safe har a tashi. Amma in an taru a tsakar gida ko wurin biki, bayan awa ɗaya sai in ji kamar an zare mini laka. A Sallar Gani da ta wuce gida ya cika da baƙi, sai da na shiga banɗaki na kulle kaina minti goma don in samu in numfasa. Yanzu facalolina na cewa ni miskila ce, ina ji da boko, ba na son mutane. Wata ƙanwar Hajiya ta ce a kai ni a yi mini ruƙiyya. Maigidana ya ce in yi koyi da matar yayansa, wadda kowa nata ne. Tun da na ji haka na rage shiga sashen Hajiya, na daina ɗaukar waya, har wata ta'aziyya ta wuce ban je ba. Ga bikin ƙanwar maigidana wata mai zuwa. Anti, ciwo ne da ni? In ba ciwo ba ne, yaya zan yi in canza halina?”

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma duk biyun a ƙofar banɗakin nan na tsaya. Na san wannan minti goman. Shekarar da aka kai ni gidan miji, a nan cikin birnin Katsina, maɓoyata wani ɗan ɗaki ne da ake ajiye buhunan gero da tsofaffin kwanuka. Ana tsakiyar wuni, guɗa na tashi, masu kiɗan ƙwarya sun ɗau zafi, sai in ce bari in ɗauko abu, in shige in zauna a kan buhu. Har yau ina tuna ƙamshin geron da ɗan hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ba kuka nake ba, ba kuma fushi nake da kowa ba. Kaina ne ya cika, kamar tulun da ya kai baki ana ci gaba da zuba masa ruwa. In na ɗan zauna sai ya sauka, in gyara ɗankwalina in fito. Wata rana surukata, Allah ya jiƙanta, ta tarar da ni a nan, ta ce, “Ke kau mi ke damunki?” Na rasa amsar da zan ba ta, domin a lokacin ni kaina ban san sunan abin ba.

To daga abin da kika rubuta, ban ga ciwo ba. Hujjata tana cikin wasiƙarki. Matar da za ta tsaya gaban aji cike da 'yan sakandare, ta riƙe su da lissafi tun safe har azahar, ba tsoron mutane take ba, kuma ba bakinta ne ya mutu ba. A aji kin san abin da za ki faɗa, kin san inda zance ya dosa, kin san lokacin da za a kaɗa ƙararrawa. A tsakar gida kuwa mutum goma ke magana lokaci guda, wannan ta jefo miki wasa, waccan ta tambaye ki kuɗin atamfa, yara na kuka, waya na ƙara, ba farko ba ƙarshe. Wasu irin wannan hayaniya ce abincin ransu, matar yayan maigidanki tana komawa ɗaki ne da ƙarfinta fiye da yadda ta fito. Ke kuwa da ƙarfinki kike biya. Ba ki fi ta ba, ba ta fi ki ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A 1921 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Karl Yung, ya raba mutane gida biyu: waɗanda hankalinsu ya fi karkata waje, ga jama'a da hada-hada, da waɗanda nasu ya fi komawa ciki, ga tunani da natsuwa. Shi da kansa ya ce babu wanda yake tsantsar ɗaya, kowa yana da rabo a duka biyun, rinjaye ne ya bambanta. Daga baya wani masani a Amurka, Jerom Kagan, ya fara wani bincike a 1989 da jarirai kusan 500 'yan wata huɗu. Ana kawo musu baƙin abubuwa, sabuwar murya, sabon ƙamshi, abin wasa mai motsi, ana kallon yadda za su yi. Kusan ɗaya cikin biyar sukan fashe da kuka suna harba ƙafa, domin abin ya yi musu yawa. Da ya bi su har suka girma, sai ya ga waɗannan ne suka fi fitowa da taka-tsantsan da ɗari-ɗari da baƙi. Jaririn wata huɗu bai san boko ba, bai san girman kai ba. Ki riƙe wannan. Ki kuma riƙe ɗaya rabin binciken, wanda ni ya fi burge ni: da yawa daga cikin yaran nan sun girma suna hulɗa da mutane lafiya lau. Ba su rikiɗe sun zama masu surutu ba, amma sun koyi zama da halinsu a cikin jama'a.

Mu kuma muna da abin da ya riga wannan. Lokacin da tawagar Abdul Ƙais ta zo Madina, Manzon Allah (SAW) ya ce wa ɗaya daga cikinsu, Ashajju, yana da halaye biyu da Allah yake so: juriya da natsuwa. A ruwayar Abu Dawud, Ashajju ya tambaya, shin ni na koye su ko Allah ne ya halicce ni a kansu? Aka ce masa Allah ne ya halicce shi a kansu. Sai ya gode wa Allah. Ina so ki lura da abin da ya yi, bai ce bari ya je ya koyi halin wani ba, godiya ya yi. Shi ya sa tambayarki ta biyu, wai yaya za ki canza halinki, ba zan ba ki hanyarta ba. Na gwada shekaru, na tilasta wa kaina dariyar da ba ta kai ciki ba, na zauna cikin hirar da ba ni da abin cewa, na dawo ɗaki da ciwon kai ina huce wa 'ya'yana. Ban zama mai haba-haba ba, na dai zama gajiyayya mai saurin fushi. Hali zanen dutse ne. Abin da ake iya gyarawa shi ne yadda mutum yake tafiyar da shi.

Sai dai akwai abin da ya wajaba in faɗa miki, ko da ba zai yi daɗi ba.

Mu Hausawa mukan zuba abubuwa daban-daban a ƙwarya ɗaya mu kira su shiru-shiru. Akwai shirun halitta, wanda na gama bayani. Akwai kunya da kawaici, waɗanda ado ne, musamman ga amarya a gaban surukai. Akwai kuma miskilanci na gaskiya, wato mutum ya mai da shiru makami, a gaishe shi ya amsa da hanci, ya janye jikinsa don a ji zafi. Da aka fara kiranki miskila an zalunce ki, domin ba haka kike ba. Amma ki duba ƙarshen wasiƙarki. Kin rage shiga wurin Hajiya, kin daina ɗaukar waya, ta'aziyya ta wuce ba ki je ba. Wannan ba halitta ba ce ƙanwata, ciwon maganarsu ne ya sa kika ja da baya, kuma a hankali kina ba su shaidar abin da suka zarge ki da shi. A nan ba na bayanki. Ta'aziyyar nan musamman ta tsaya mini a rai. Mutanenmu sukan manta wanda bai zo biki ba, amma wanda bai zo gaisuwar mutuwa ba ana riƙe shi shekaru, kuma ba laifinsu ba ne, domin a ranar ne mutum yake ƙirga nasa.

Na san yanzu 'yan zamani sun samu sunan wannan hali a intanet, wato “introvert” da Turanci, suna saka shi a Facebook da TikTok kamar lamba a ƙirji. Sanin sunan abu yana da daɗi, ni ma na ji sanyi ranar da na gane ba ni kaɗai ba ce. Amma na ga yara da yawa sun mai da shi katanga: ba sa gaida maƙwabci, ba sa duba mara lafiya, in an yi magana su ce ai halittarsu ce. Halitta tana bayyana dalilin gajiyarki, ba ta sauke miki haƙƙi. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya lissafa haƙƙoƙi shida tsakanin Musulmi: sallama, amsa gayyata, nasiha ga wanda ya nema, addu'a ga mai atishawa in ya gode wa Allah, duba mara lafiya, da raka gawa. Ki sake karanta su, za ki ga babu ɗaya da yake bukatar yawan magana. Dukansu halarta ce. Shi ne abin da kakanninmu suka taƙaita da cewa zumunci a ƙafa yake. Ƙafa suka ce, ba baki ba. Kuma ke ƙafarki lafiya take.

Saboda haka kafin komai, ki shirya ki je gidan rasuwar nan, ko da an yi arba'in. Kada ki tsaya dogon bayani. Ki durƙusa ki ce, “Na zo ne in ba da haƙuri, ban kyauta ba da ban zo a kan lokaci ba. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan rai, ya sa ya huta.” Ki ɗan zauna, ki yi addu'a, ki tashi. Minti ashirin ya isa.

Wannan ma wata ni'ima ce da ban gane ba sai da na manyanta. Harshenmu ya yi wa masu ƙarancin magana gata. Kusan duk wani zama yana da kalmominsa a shirye, ba sai kin ƙirƙiro ba. Ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya sanyi, ya jikin Baba. Barka da arziki, Allah ya raya. Allah ya ba da zaman lafiya. Sannu da aiki, sannu da hidima. Wanda ya cika gaisuwa, ya bi ta har ƙarshe ba tare da gaggawa ba, ya sauke rabin nauyin zama da mutane. Abin da ya rage shi ne fuska. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma mu masu shiru muna da wata matsala da ba mu sani ba: in mun shiga tunani fuskarmu takan ɗaure. Ke kina can kina lissafin jarrabawar ɗalibanki, facalarki na ganin kin haɗe rai da ita. Ba na ce ki riƙa washe baki ba dalili ba. Amma lokacin gaisuwa ki ɗago ki dubi mutum, ki saki fuska, ki ambaci sunan ɗanta in kina tambayar yara. Wannan kaɗan ɗin yana sauya yadda ake fassara shirunki na sauran wunin.

Sai Hajiya. A nan nake so ki fi ba da ƙarfi, domin a babban gida ra'ayin uwar miji shi ne alƙiblar sauran. Kada ki je mata lokacin da sashenta ya cika, da yamma ko bayan sallar Juma'a, inda za ki zama ɗaya cikin goma kuma wadda ta fi kowa shiru. Ki je da hantsi ranar da ba ki da makaranta, lokacin da yara suka watse, gida ya yi tsit. Ki tafi da abin yi a hannu. Ni zogale ne ya haɗa ni da tawa surukar. Nakan tarar da ita a kan tabarma da tarin rassa, in zauna gefe in ja nawa, muna tsinka muna zubawa a faifai. Wani lokaci mu yi rabin awa ba wanda ya ce uffan, sai ƙarar ganye da kukan kurciya a kan katanga. A haka, ba tare da na tambaya ba, ta fara ba ni labarin aurenta na fari, da 'ya'yan da ta binne, abubuwan da ban taɓa jin ta faɗa a cikin taro ba. Tsofaffi suna da masu yi musu hira da yawa, masu saurarensu ne kaɗan. Ranar da wata ta sake cewa ba na son mutane, ita ce ta tare ta, ta ce, “Ku ƙyale mini ɗiya, halinta ne, ba ta da mugun ciki.” Daga ranar maganar ta mutu a gidan. Ke ga shi kina da ilimi a hannu: ki duba mata katin asibiti, ki tuna mata lokacin shan magani, ki yanke mata farce, ki gyara mata waya. Bokon da ake yi miki gori da shi, in ya shiga hidimar Hajiya, sunansa zai canza.

Cikin facalolin ma ba sai kin saye zuciyar kowa ba. Ki zaɓi ɗaya, wadda kika ga ta fi sauƙin kai, ki riƙa leƙa ta ita kaɗai, ki taimaka wa ɗanta da lissafi. Mutum ɗaya da ya san cikinki a gida ya isa ya riƙa fassara ki in ba kya nan.

Maigidanki kuwa bai kyauta ba da ya auna ki da matar yayansa, ko da nufinsa alheri ne. Babu macen da ake gwada ta da facalarta ta ji daɗi. Amma ina zaton bai san abin da ke faruwa a cikinki ba, yana ganin waje ne kawai, ga kuma 'yan'uwansa na yi masa ƙorafi. Ki samu lokacin da ya ci ya huta, ki faɗa masa a fili: ina son danginka, taro ne yake gajiyar da ni, ba su ba, zan riƙa zuwa duk abin da ya wajaba, amma ina roƙon in na yi awa biyu ko uku ka yarda in koma ɗaki, kuma in an tambaya ka ce da saninka. In bakinki zai yi nauyi, ki rubuta masa, ai na ga alƙalaminki yana da kaifi. Kuma tunda ke 'yar Katsina ce, kina da misali a gida. Marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa malamin kimiyya ne kafin siyasa, an san shi da ƙarancin magana da gudun kwarmato, ya yi gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007, ya shugabanci Najeriya har rasuwarsa a 2010. Ana iya saɓani a kan siyasarsa, amma shirunsa bai hana shi ɗaukar nauyin jama'a ba. Abin da na lura shi ne in namiji ne sai a ce mai natsuwa, mai zurfin ciki, in mace ce kuma amarya sai a ce miskila. Wannan rashin adalci ne da ya kamata mu iyaye mata mu fara gyarawa a tsakaninmu.

Maganar ruƙiyya kada ta ɓata miki rai. Ƙanwar Hajiya ta ga abin da ba ta gane ba ne, ta kawo maganin da ta sani. Ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma, ki yi wa kanki tofi, wannan kowa ma yana bukata. Amma gajiya da hayaniya ba shafar aljanu ba ce.

Akwai dai alamomin da in kin gan su, magana ta canza. In kin wayi gari abubuwan da kike jin daɗinsu, karatu, aji, zama ke kaɗai, duk sun fita ranki, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, kina kuka ba dalili ko kina jin ba ki da amfani, kuma haka ya kai mako biyu ko fiye, to wannan ba hali ba ne, yana iya zama ciwon damuwa. Haka in tsoron idon mutane ya kai kina rawar jiki, zuciya na bugawa, kina kwana kina fargabar taron da ba a yi ba tukuna, har ya fara hana ki aiki, ya ɗauki watanni. Duka biyun ana maganinsu. Ki je asibiti, a Daura ko a Katsina, ki ce kina son ganin likitan da ke duba lafiyar ƙwaƙwalwa, babu abin kunya a ciki. Hanya mafi sauƙi ta bambancewa ita ce ki tambayi kanki: in na keɓe, ina fitowa da sauƙi ko da nauyi? Mai halin natsuwa kaɗaici yana wartsakar da ita. Mai ciwon damuwa yana ƙara nutsar da ita.

Kuma ki kula da irin keɓewar. In kin kulle ƙofa kin ɗauki waya kina bin hotunan bukukuwan mutane awa biyu, ba ki huta ba, kin bar taron tsakar gida ne kin shiga wanda ya fi shi girma. Ki ajiye ta. Ki yi alwala, ki karanta ko shafi ɗaya ne, ki kishingiɗa, ko ki zauna kawai. Kiran waya kuwa, in ba za ki iya ɗauka nan take ba, ki mayar kafin rana ta faɗi, ko ki aika saƙon murya na gaisuwa. Kada kira ya kwana a kanki.

Yanzu bikin ƙanwar maigidanki. Kada ki jira a ba ki aiki, ki je wurin Hajiya tun wannan makon ki ce, “Hajiya, ni me zan kama?” In ta ce ki zaɓa, ki karɓi littafin gudummawa. Aiki ne da yake bukatar mai lissafi, mai riƙon amana, wadda ba ta da yawan surutu: ki zauna kusa da uwar biki da littafi da biro, kina rubuta wa ya kawo me, atamfa ce, kuɗi ne, kwanuka ne, domin da shi za a rama wa kowa bikinsa nan gaba. Duk wadda ta shigo sai ta zo gabanki, ku gaisa, ki rubuta sunanta, ta wuce. Kin ga kowa ya gan ki, kin gaisa da kowa, ba ki shiga hira ko ɗaya ba. Ranar suyar cincin da dubulan ki je da sassafe, lokacin mutum huɗu ne ko biyar, ki yi aikinki kafin gida ya cika. Ankon ki yi shi, kada a ga kin fita daban. Ranar kamu da wuni ki gaya wa Hajiya tun farko cewa bayan la'asar za ki shiga ɗaki ki ɗan huta ki dawo, sannan ki tafi ta ƙofar gaba kowa na gani, ba sai kin ɓuya a banɗaki ba. Kai amarya kuwa ki je, wannan ba a barinsa. Washegarin buɗar kai kada ki ɗora wa kanki komai, ko girki mai nauyi.

In an gama ki sake rubuto mini, ina so in ji yadda zamanku da Hajiya ya kasance. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa a yi biki lafiya a tashi lafiya.